Kafintan da Ya Koma Gadin Sito

Kawuna kafinta ne. Shekara ashirin ya yi yana jan zarto a wata rumfa a bakin titi. Guduma ake ce masa saboda taurin kai, don in ya ƙudurta abu ko uwarsa ba ta iya juya shi.

Shekarar da kaya suka yi tashin gwauron zabo, rediyonsa na rataye a jikin ƙusa, kullum zance ɗaya, wai tattalin arziki ya durƙushe. Aiki bai yanke masa ba, akwai gado biyu da kabad a hannunsa, amma tsoro ya riga ya shige shi.

"Wa zai sayi kujera da yunwa a cikinsa?" ya ce wa matarsa. "Inda abinci yake, nan zan raɓa."

"Maigida, kar fa ka saki reshe ka kama ganye."

"Reshen ya bushe."

Ya sayar da kayan aikinsa kaf, ya karɓi gadin wani siton hatsi. Aka ba shi kaki da kulki.

Wata huɗu yana cin albashi lafiya. Ran nan da hantsi magana ta bazu cewa mai siton ya ɓoye hatsi yana jiran farashi ya ninka. Kafin azahar titi ya cika da mutane, wasu da duwatsu, wasu da rodi. Kawu ya rufe ƙofar ƙarfen, ya riƙe sarƙa.

"Ku koma! Ni ma ɗan aiki ne!"

Dutsen farko ya zubar masa da haƙora biyu. Wani ya haura ƙofar ya diro, Kawu ya kai masa kulki a fuska da dukkan ƙarfinsa. Sai da mutumin ya kife yana ihu, jini na bin yatsunsa, sannan Kawu ya gane maƙwabcinsa ne, mai wanki.

Jama'a suka danna ƙofar gaba ɗaya. Hannun Kawu na dama ya maƙale tsakanin ƙarfe da bango, ya ji ƙashi na karyewa kamar busasshen katako. Ya faɗi, aka yi ta bi ta kansa. Yana kwance yana ganin ana farke buhuna da wuƙa, hatsi na zuba cikin jininsa. Wata mata mai goyo ce ta ja shi da wuyan riga ta tura shi ƙarƙashin mota, sannan ta koma ta cika zanenta da hatsi.

A asibiti aka yanke masa yatsu uku. Mai wanki ya rasa ido ɗaya. Da 'yan sanda suka tambayi Kawu su wa ya gani, ya ce, "Ƙafafu na gani." Mai siton bai ko leƙo shi ba, sai aike ya yi a karɓo kakin.

Yanzu Kawu yana wasa wa kafintoci zarto da hannun hagu. Kowace safiya mai wanki yana wucewa ta gabansa da ƙunshin kaya a ka. Shekara shida ke nan ba wanda ya gai da wani.