Aksul Ɗin Motar Likita

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan kago ne a Dubai, wato mai tura wa mutane kaya gida ta jirgin ruwa. Yana da wani ɗan ɗaki a Sabkha da yake kira ofis, da sito babba can Warsan inda ake loda kwantena zuwa Kano. Amma ba kagon ne ya yi masa suna ba, riƙon amana ne. Ɗalibin da zai tafi hutu, matar da ta sayi keken ɗinki ba ta da wurin ajiya, mutumin da bizarsa ta ƙare ba shiri, duk wurin Kawu suke kai kayansu, kuma yadda ka ajiye haka za ka tarar. Ni kuwa injiniya ne a wani kamfanin sanyaya gine-gine, ina zaune a Satwa, shi ya sa Kawu ba ya kirana sai da Injiniyan Iska.

A teburin Kawu na san Likita, wani likitan haƙori ɗan Zariya, mai sanyin magana. Abu ɗaya ne ke sa ya ɗaga murya, wato motarsa. Tsohuwar motar Amurka ce ta ƙarshen shekarun sittin, ƙofa biyu, ruwan goro, da dogon hanci, in ya tayar da ita har a ƙirji kake jin rugugin. Ya daɗe yana nema kafin ya same ta a 2017, domin shi ba kowace yake so ba. Yana son wadda ba a taɓa raba ta da kayan haihuwarta ba, inji da giya da aksul duk waɗanda ta fito da su daga masana'anta. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai mu ci shinkafa, mu shimfiɗa kwali, mu shige ƙarƙashinta kamar ƙadangaru.

A nan ya koya mini karatun ƙarƙashin mota. Aksul ɗin baya shi ne ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, da wani ƙullutu a tsakiya kamar tukunya. Ya ce in fara da murfin tukunyar, in ƙirga notocinsa: irin tasa mai babban inji goma sha biyu ne, na 'yan uwanta masu ƙaramin inji goma. Sannan ya goge bututun dama da tsumma ya nuna mini wasu haruffa da lambobi da aka buga a jikin ƙarfen, masu faɗin irin haƙoran da ke ciki da ranar da aka haɗa shi. Farfela kuma, wato dogon bututun da ke kawo juyi daga giya zuwa aksul, ana auna ta daga tsakiyar gaɓar gaba zuwa tsakiyar ta baya, kuma in za a gwada ko ta zauna daidai sai mota na tsaye kan tayoyinta, ba a kan jak ba. Kowane haɗin giya da aksul da tsawon farfelarsa. Yakan shafa tasa ya ce, "Wannan tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa sa mata wuta."

Farkon 2020 mahaifiyarsa ta kwanta ciwo. Ya kai motar Warsan, ya miƙa wa Kawu makulli, ya ce sati kaɗan zai yi. Sai korona ta zo, aka rufe ko'ina, tsohuwar ta rasu, aikinsa ya tsaya, sati kaɗan ya zama shekara da wani abu. Ni ma ban leƙa siton ba duk tsawon lokacin, don a raina motar tana hannun da ya fi nawa.

Da ya bugo ya ce ya samu sabon aiki, yana tafe ƙarshen mako, sai ya roƙe ni in je in ɗan motsa masa ita. Na je da hantsi. Na tarar an wanke ta tas, tana sheƙi a bakin sito, Kawu na zaune gefe da kofin shayin karak yana murmushin wanda ya sauke nauyi. Na tayar, na hau titin bayan sito. Ban yi nisa ba na ji kujera na kaɗawa a ƙarƙashina kamar na zauna kan injin markaɗe. Na dawo na tsaya a bayanta, sai na ga tayoyin baya sun ɗan leƙo waje fiye da yadda na san su.

Na shige ƙarƙashi da fitilar waya. Na ƙirga notocin murfin, goma. Na ce idona ne, na sa yatsa na bi su ɗaya-ɗaya, goma dai. Na goge bututun dama, lambar da ke wurin ban taɓa ganinta ba. Inda sifirin ke zama kuwa walda ce ɗanya, an yanke mazaunin an matsar da shi. Na juya ga farfela ina addu'a. Ita ce ta asali, na gane ta, amma ga zoben walda ya kewaye ta a tsakiya, an shafe shi da baƙin fenti. Na kwanta a wurin ina kallon zoben nan, bakina a buɗe, gumi na shiga mini ido ban ko share ba.

Na fito ban karkaɗe jikina ba. "Kawu, ina aksul ɗin motar nan?"

"Ga shi a jikinta, Injiniyan Iska. Ko iskar ce ta ɗauke?"

"Wannan ba nata ba ne."

"To, eh, an canza," in ji shi, ko a jikinsa. "Wannan ma ya fi sabo. Da kaina na aika Sharja aka zaɓo. Khalas, shi ke nan, me ya rage?"

Inna lillahi! Na jawo buhu na zauna. Shi kuwa ya shiga ba ni labari dalla-dalla, irin na wanda bai ga abin ɓoyewa ba. Lokacin kulle jiragen ruwa sun yi ta jinkiri, kaya suka cika sito har ƙofa. 'Yan kago kuwa in mota ta tare wuri ba sa shawara da kowa: a cire tayoyi, a sauke aksul da farfela, a ɗaga gangar jikin a ɗora kan katako can sama, a tura kaya a ƙarƙashi. Haka yake yi wa kowace mota, haka ya sa aka yi wa ta Likita, har da lulluɓa mata bargo don kada fenti ya ƙuje. Aksul ɗin aka jingine a bango cikin 'yan uwansa na gwanjo. Ranar da aka samu jirgi kuma, kwantena ba ta tafiya da sarari, kuma ƙarfe mai nauyi shi ake fara shimfiɗawa a ƙasa. Aka kwashe na jikin bango gaba ɗaya. Da aka zo mayar da mota aka nemi nata aka rasa, shi ne ya sa aka sayo wani. Farfela ta ƙi shiga, ta yi tsawo, mai walda ya rage ta.

"Kawu, kun yanka farfelar?"

"Shwayya kawai, ɗan kaɗan. Bai kai tsawon yatsa ba."

Ban san lokacin da na ɗaga wa ƙanin uwata murya ba. Na ce masa wannan ƙarfen da yake gani shi ne motar, don shi Likita ya ƙi motoci da yawa masu fenti mai kyau, kuma ko an zagaye duniya babu wani aksul mai lambar da ta dace da wannan mota sai shi. Kawu ya ajiye kofi. Na ga murmushin yana barin fuskarsa a hankali.

"Ƙarfe fa, ɗan nan," ya ce, amma muryar ba tasa ba ce. "Ƙarfe ba ƙarfe ba ne?"

Nan take ya kira wakilinsa na Kano, ya ce ya bar duk abin da yake yi ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, ya bi sawun aksul ɗin kwantenar bara, mai noti goma sha biyu, ko nawa ne a fanso shi. Muka zauna jira. Abincin rana ya zo ya huce. Bayan la'asar sai ga bidiyo ya shigo wayarsa, ya miƙo mini. Wani maƙerin amalanke ne ya saya, ya sayar wa wani manomi a bayan gari. Ga shanu biyu, ga amalanke cike da taki, ga kuma murfin nan da ni da Likita muka sha gogewa yana leƙowa a ƙasa, duk laka. Maƙerin ya kwashe haƙoran ciki, ya yanke bututun biyu ya ƙara musu tsawo da wani ƙarfen, kuma gefen da lambar take nan ne wuta ta ci. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Kawu ya karɓi wayarsa ya ce, "Zai gane?"

"Tun daga bakin ƙofa, Kawu."

"To ba kai za ka faɗa masa ba. Ni aka ba wa."

Likita ya zo ranar Asabar da safe, ya rame, da ledar kilishi da ya kawo wa Kawu tsaraba. Suka gaisa, aka yi masa ta'aziyya, yana amsawa idonsa na kan motar. Kafin ya ƙarasa wurinta Kawu ya riƙe masa hannu ya faɗa masa komai, bai rage ba, bai ɗora wa masu lodi ba, ya nuna masa bidiyon. Likita ya kalla har ƙarshe. Na zaci zai yi ihu, wallahi na so ya yi, da ya fi mini sauƙi. Bai ko durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar ba. Ya mayar wa Kawu wayarsa da hannu biyu.

"Ba komai, Alhaji. Allah ya ƙaddara."

"Likita, ka faɗi abin da zan yi. Ko mene ne."

"Ba komai, wallahi. Na gode da ɗawainiya."

Washegari motar ɗaukar mota ta zo ta tafi da ita. Bayanta kuma sai ga wata ƙaramar akori-kura, direban ya ce Likita ya aiko a ba shi sauran ajiyarsa: akwatunan littattafai, da wata darduma, da kwalin kwanukan da ya bari a siton tun zuwansa Dubai, tun kafin a san da zancen mota. Masu lodi suka taso, Kawu ya ɗaga musu hannu suka koma. Shi da kansa ya riƙa ɗaukowa, dattijo da ciwon baya, yana share ƙurar kowane kwali da hannun rigarsa kafin ya ɗora. Da ya ɗora na ƙarshe sai ya ce wa direban, "Ka ce masa ya buɗe ya duba, ko akwai abin da ba nasa ba."