Kan Keken Hajiya a Hanyar Kankiya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kambarawa, ni da mai ɗakina, muka biya Ƙofar Sauri muka ɗauki mahaifiyarta. Kankiya muka nufa, za ta kai wa autarta kan keken ɗinkin da ta yi shekaru tana ci da 'ya'yanta da shi. Keken ya girmi matata, baƙin ƙarfe ne zalla, sai da na yi nishi kafin na ɗaga shi.

But ɗin motar ya riga ya cika da buhun gero da jarkar man gyaɗa. Hajiya ta ce kekenta ba zai zauna kusa da mai ba, ta sa aka ɗora shi a bayan kujera, jikin gilashi, daidai ƙeyarta. Na ga haɗarin abin, amma na tada mota. Shekara goma sha ɗaya da aurena ban taɓa yi wa surukata musu ba, ko ido ba ma haɗawa.

Hanya da sauƙi da safe, sai dai ramuka nan da can. Motocin haya suna wuce mu kamar an koro su, mutum biyu a kujerar gaba, buhuna sun hana but rufuwa. Da an hango jami'an kiyaye haɗurra sai ka ga direba ya yafa bel a kafaɗa, ana wucewa ya sauke, kai ka ce don su aka yi shi. Ni dai hamsin nake tafiya, idona rabi a titi rabi a madubi. Duk ramin da muka faɗa sai keken ya matso kaɗan. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma haushin kaina nake ji.

A Charanchi na tsaya, wai zan duba taya. Tayar lafiyarta lau. Muka sayi ƙosai na ɗari biyar wanda bai cika tafin hannu ba, ga shi da daɗi, ba laifi. Na ja mai ɗakina gefe na ce ta yi wa Hajiya magana. Ta ce uwarta ce, ta fi ni sanin amsar da za ta samu. Sai na durƙusa a bakin ƙofar motar, kaina a ƙasa, na ce, "Hajiya, a yi mini haƙuri, keken nan zan mayar but, kuma a taimaka a ɗaura bel."

"Malam, ni akuya ce da za a ɗaure ni?" ta ce. "Mi keken ya yi maka?"

Ban tashi ba. Da ta ga durƙuson ba mai ƙarewa ba ne, ta miƙo tsohon zane. Na naɗe keken, na cusa shi tsakanin buhu da bangon but, na ɗaure da igiyar da na saya wurin mai faci, jarkar kuma ta koma ɗaya gefen. Mai ɗakina ta maƙala mata bel, Hajiya tana ta faɗa. Abin da ban lura ba shi ne Hajiya ta ɗora kular dambunta a gurbin keken.

Saura kaɗan mu shiga Kankiya wata saniya ta ɓallo daga gona ta hau titi. Na taka birki iya ƙarfina. Kular ta taso daga baya, ta tuɓe wa Hajiya ɗankwali, ta wuce ta tsakaninmu ta daki gilashin gaba. Dambu ya watsu har cikin aljihuna. Bel ya riƙe Hajiya a kujerarta. Muka yi ta salati. Hajiya ta dubi tsagar da kular roba ta yi wa gilashi, ta shafa ƙeyarta.

A Kankiya an karɓe mu da fura mai sanyi da tuwon dawa. Auta ta rungume keken tana murna, ba wanda ya ba ta labari. Ana idar da la'asar muka juyo don kada magariba ta same mu a hanya. Kafin na tada mota na ji ƙarar maƙala bel daga baya, ba wanda ya roƙe ta.

Mun iso Ƙofar Sauri lafiya. Abin da na koya shi ne duk abin da ba a ɗaure ba a cikin mota, ranar birki makami ne, kuma kunyata ta kusa yi wa matar da nake jin kunyarta illa. Da Hajiya za ta sauka ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce wa 'yarta, "Ki hwaɗa mashi ya bar igiyar nan cikin mota."