Sunaye Biyu a Jikin Injin Aling Choleng

Shekara goma sha tara ina soya ayaba da sukari a gefen shagon Aling Choleng, don haka in na ce na san matar nan, ba a bakin wani na ji ba. Shagon ma suna ne kawai. Ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene ne a unguwar Sampaloc ta birnin Manila, inda in ta miƙe sosai sai kanta ya bugi siminti. Injin fotokwafi ɗaya, fanka ɗaya mai kuka, sai kundaye jibge har sama. Ni ce na riƙe ɗanta ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna Mare, shi ya sa kuma nake gaya mata abin da sauran mutane ke tsoron gaya mata.

A aji biyu na sakandare ta bar makaranta can Batangas, ta zo Manila aikin wankau, daga baya ta koyi aikin inji a shagon wani tsoho har ya mutu ya bar mata. Fiziks da kemistiri kuwa ba ta san ko ta ina ake shiga musu ba. Amma duk wanda zai zauna jarrabawar shiga makarantar likita a unguwar nan, wurinta yake fara zuwa, don ita ke zaɓa masa abin da zai karanta. Tambaya uku take yi: me ka karanta a jami'a, aiki kake yi ko zaman gida, wane darasi ne in ka buɗe barci ke ɗaukarka. Daga nan ta zaro kundi biyu ta dire maka. Biyu, ba ƙari. Ɗaliban Nanay suke ce mata, wato Inna.

"Nanay, ƙara mini wancan mai jan bango mana."

"Ka gama waɗanda na ba ka?"

"Ai yanzu kika ba ni."

"To matashin kai kake nema ke nan. Tsallaka wurin Turing, shi ko bakwai zai ɗora maka, ka kwana a kansu."

Mang Turing shi ne mai shagon fotokwafi mai ƙofar gilashi a tsallaken titi, inji uku sababbi fil, ga baki kamar reza. Shekara da shekaru yana jira Choleng ta yi tuntuɓe, ita kuwa abin da ake faɗa a kanta tun daga nan har titin Morayta shi ne ba ta kuskure.

Ƙarfinta a gado yake. Al'adarmu ce wanda ya ci jarrabawa ya dawo da kundinsa, da duk rubutun fensirin da ya yi a gefe, a kwafa wa na baya. Ana ganin akwai sa'a a ciki. Mafi daraja a wurin Choleng shi ne wani mai koren bango, na wata yarinya da ta sami maki casa'in da tara shekarun baya, wadda muke kira Doktora kawai. Ɗalibai har shafa bangon suke yi kafin su buɗe. Duk wanda ya karɓi kwafin koren kundi, Choleng takan miƙa masa guntuwar takarda ya rubuta sunansa, ta jefa a gwangwanin biskit. Ranar Alhamis ta ɗauki gwangwanin zuwa cocin da ke bayan gadar Mendiola ta yi musu addu'a. Ni dai na sha ce mata addu'a ba ta san lissafi ba, ta ce ni ma ban sani ba amma ga shi ina ba da canji daidai.

A watan Agustan shekarar da nake ba da labari, ruwa ya ci titinmu har gwiwa. Asalin koren kundin ya jiƙe. Tare muka kwance shi, muka shanya takardun ɗaya bayan ɗaya a igiyar wanki, da suka bushe ta tattara ta ɗinke. Muka gode wa Allah ba abin da ya lalace.

Ranar wata Talata, saura kwana goma sha biyu jarrabawa, Rodelyn ta zo. Na santa, don kullum ayaba biyu take saye ta ce ita ce abincin rana. 'Yar tsibirin Samar ce, tana aikin gwajin jini a wani asibiti, shekararta ashirin da bakwai. Ƙungiyar masuntan garinsu ta yi alkawarin ɗaukar nauyin mutum ɗaya ya karanta likita, wannan shekarar kaɗai, in ya sami maki tamanin. Garin ba likita, sai an shiga kwalekwale awa biyu. Ranar nan da jakar tafiya ta zo. Ta ajiye kwafinta na koren kundi a kan inji a hankali.

"Nanay, na dawo miki da shi, ki ba wani mai kai. Gobe zan bi jirgin ruwa."

"Jirgin ina? Jarrabawar fa?"

"Sau uku ina yin gwajin fiziks. Goma sha uku cikin hamsin. Goma sha biyu. Goma sha uku. Kaina ne ba ya ja, Nanay, gara in gaya wa mutanenmu tun da wuri su nemi wani."

Muryarta ba ta ko rawa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na jawo ta kan bencina, na tura mata ayaba, na ce ba wanda zai tafi Samar da yunwa daga gabana.

Choleng tana da ɗabi'ar duba duk kundin da aka dawo da shi, shafi shafi, da yatsa jiƙe da yawu. Ina juya ayaba a mai ina kallonta ta gefen ido. Na ga ta tsaya. Ta koma baya, ta dawo gaba, ta sake komawa. Sai ta ɗago ta yafito ni, fuskarta ta yi fari fat.

"Mare, zo ki ga zoben nan."

Zoben kowa ya san shi. Doktora ta taɓa ɗora kofin gahawa a kan gwaji na ɗaya, tabon ya ratsa takardun duka, yana raguwa shafi bayan shafi, kuma inji yana fito da shi kamar inuwa. Gwajin fiziks biyu ne a kundin, kowanne da takardar amsoshinsa a baya, lambobi da haruffa zalla, ba ko kan magana. Choleng ta bi zoben da yatsa har ƙarshen gwaji na ɗaya. Takardar amsoshin ba zobe. Ta buɗe bayan gwaji na biyu. Ga shi nan zaune, a inda ba wurinsa ba.

"Ranar shanya ce," in ji ta. "Ni na musanya su."

Ta nuna mini gefen shafukan. Yarinyar nan ta yi lissafinta, ta sami amsa, ta goge, ta rubuta harafin takardar Doktora. A wasu wuraren ta goge har takardar ta huje.

Ni mai sana'a ce, nan take na fara lissafin tsira. Na rage murya na ce, "Ki kira ta ciki ki gaya mata ita kaɗai. Ki gyara asalin. Shi ke nan, magana ta mutu."

"Sauran fa?"

"Waɗanne sauran? Wa ya zo ya yi ƙorafi? Wata uku ba wanda ya ce uffan."

"Ba za su ce ba, Idang. Na Doktora ne. Wa zai ce Doktora ta yi kuskure? Kansu za su zarga."

"To ki sani, in Turing ya ji, kin gama cin abinci a titin nan."

Sai ta fito ta zauna kusa da Rodelyn, ta buɗe mata ɗaya takardar, ta miƙa mata jan biro.

"'Yata, sake duba amsoshinki na farko, waɗanda kika goge. Da wannan."

Shatin fensirin yana nan, ana iya karantawa. Rodelyn ta fara bi. Daidai. Daidai. Daidai. Wurin na goma sha biyar ta daina ɗago kai. Ni kuwa ayabata ta ƙone ƙurmus ban ko waiwaya ba. Da ta kai ƙarshe ta ƙirga sau biyu, arba'in da ɗaya cikin hamsin.

Na ɗauka za ta rungume Choleng. Ina! Miƙewa ta yi, idonta ya kaɗa jajur.

"Wata uku, Nanay. Wata uku ina zagin kaina. Na kira babana na ce masa ni jaka ce, ya daina gaya wa mutane 'yarsa za ta zama likita. Akwai wanda muke karatu tare, shi ya daina lissafi ma. Haddace amsoshin yake yi, wai ko a maimaita tambayoyin."

Choleng ba ta kare kanta ba, ba ta ambaci ruwan Agusta ba. Cewa ta yi, "Laifina ne. Ki je ki mayar da tikitin." Sannan ta shiga ta ɗauko gwangwanin biskit ta zazzage a kan bencina, ta ware na bayan ambaliya, waɗanda ruwa bai taɓa ba. Arba'in da uku. Ba lambar waya, ba sunan iyali, sai sunan da ake kiran mutum a gida. Joy har guda huɗu, Bong uku. Manila kuwa ba ƙauye ba ce da za ka tsaya bakin titi ka ƙwala kiran Bong.

Ta yage kwalin takarda, ta ba ni alƙalami mai kauri don rubutuna ya fi nata kyau, ta ce in rubuta: duk wanda ya karɓi koren kundi a wurin Aling Choleng tun watan Agusta, takardun amsoshin fiziks biyu a musanye suke, kuskurena ne.

"A cire 'kuskurena ne' mana," na ce. "A ce matsalar inji."

"Inji ne ya shanya su?"

Na rubuta ina ƙunƙuni. Ko minti goma kwalin bai yi a rataye ba Mang Turing ya tsallako, hannu a baya, yana karantawa da ƙarfi don direbobin jifni, motocin hayar nan, su ji.

"A'a! Farfesa Choleng! Yau kuma asibitin ne ya kwanta ciwo? Yara, ku zo nan a ba ku amsoshin da suka san gidansu!"

Na ɗaga matsamin mai na ce in ya ƙara taku ɗaya sai na soya masa gemu. Ya koma yana dariya, kuma gaskiya ranar layi a shagonsa ya kwana.

Kwalin ya kawo mutum bakwai cikin kwana biyu. Bai isa ba, don mai shirin jarrabawa ba ya yawo, yana ɗaki a kulle. Amma akwai wuri ɗaya da kowannensu zai je ko da rarrafe. Ranar Alhamis suna cika cocin nan da fensiransu a hannu, limamin coci ya yayyafa musu ruwa mai tsarki. Choleng ta rufe shago, abin da ba ta yi ba ko ranar da aka binne mijinta sai da azahar, ta rataya kwalin a wuya da igiya, ta tsaya a ƙofar coci tun fitowar rana. Na bi ta da gwangwanin, ina jin kunya kamar ni aka tuɓe.

Wasu suka karanta suka dafe kai. Wata ta durƙusa nan ƙasa tana kuka tana dariya. Wani saurayi ya ce mata, "Tsohuwa, in ba ki iya ba wa ya aike ki?" Ta ce, "Ka yi gaskiya. Yaya sunanka?" Ya faɗa, na nemo takardarsa na cire daga gwangwani. Wani uba ya zazzaga mata masifa a gaban jama'a har sai da mai sayar da kyandir ya shiga tsakani, ita kuwa tambayarta ɗaya, ko ɗan nasa ya san wani mai koren kundi. Alhamis ta farko muka cire ashirin da biyu. Ta biyu, saura kwana uku jarrabawa, ta yi tsayuwar awa tara da kumburarrun ƙafafu, muka cire goma sha biyu. Da aka rufe ƙofar coci na leƙa gwangwanin. Saura biyu, Tintin da Jomar.

Ranar Lahadi ta je ƙofar makarantar da ake jarrabawar, da kwalinta. Masu gadi suka hana ta matsawa kusa, kuma ko sun bari ma, me zai yi wa mutum amfani a lokacin?

Rodelyn ta sami tamanin da shida. Ba ta zo da kanta ba, kundinta ta aiko da shi ta hannun wata, da gyare-gyarenta da jan biro, ba ko gaisuwa a ciki. Na ji haushi ƙwarai, Choleng ta ce yarinyar tana da gaskiyarta. Shekara biyu ɗalibai suna tsallakawa wurin Turing kafin su fara dawowa kaɗan kaɗan, kuma ba wanda ya ƙara cewa ba ta kuskure. Yanzu kowane shafi sai ta sa masa lamba da hannunta, kowace guntuwar takarda sai an rubuta lambar waya a bayanta kafin ta shiga gwangwani.

Takardun nan biyu kuwa ta manna su a jikin inji da salatif, daidai inda take ɗora hannu. Shekara tara ke nan, tawadar ta koɗe. In wani mai farar rigar asibiti ya wuce sai ta bar aiki ta ɗago tana ƙoƙarin karanta sunan da ke ƙirjinsa. Makon jiya haushi ya ishe ni, na ce, "Mare, don Allah ki ɓamɓare abin nan. Yaran nan sun ci gaba da rayuwarsu tuntuni."

Ta goge gilashin inji da gefen rigarta, ta danna salatif ɗin da ya fara ɗagowa da babban yatsa.

"Wace rayuwar, Idang?" in ji ta. "Ita nake son sani."