Sunan da Meleta Ta Liƙa da Filasta

Ranar Juma'ar rufe zangon karatu, makarantar kwanan da ke birnin Cairns, wadda Meleta Sagigi ta yi wa wasan ƙwallon kwando shekara shida, ta buɗe allon girmama tsofaffin ɗalibanta, ta rubuta mata sunan da ba nata ba. Da ruwan zinariya aka rubuta shi: Meleta Baira. An yaye ƙyallen da ya rufe allon a gaban mutum ɗari shida, uwarta Ugari Sagigi tana zaune a layin gaba da jan fure a gashinta, bayan ta hau kwale-kwale ɗaya da jirgin sama biyu don ta zo. Kada wani ya ɗora wa mai fenti laifi. Makarantar ta san sunan yarinyar sarai, don shekara da shekaru suna karanta shi a bayan rigarta.

Ga yadda sunan ya samu. Ugari da mijinta Getano Sagigi, mai nutso cikin teku yana kamo ƙaguwa, sun shekara tara a tsibirinmu na mashigin Torres ba haihuwa. Ƙanwar Ugari, Dalassa Baira, tana da ciki na uku. Wata rana suna kankare kwakwa a bayan gida, Dalassa ta kamo hannun yayarta ta ɗora a cikin, ta ce, "Yaya, wannan naki ne." Dattawan gidajen biyu suka zauna, aka yi addu'a, magana ta ƙare. Kwana shida da haihuwa aka sauko da jaririya daga kwale-kwalen da ya dawo da ita daga asibiti, aka wuce da ita gidan Getano kai tsaye.

Wannan ba riƙo ba ne. Ɗan riƙo ana iya zuwa a ɗauke shi. A wurinmu ɗan da aka bayar an bayar ke nan har abada: sunan gidan nasa ne, gadon gidan nasa ne, kuma ba wanda ke buɗe baki ya gaya masa. Duk tsibiri ya sani, duk tsibiri ya yi shiru, shirun nan shi ne suturar yaron. Amma takardar haihuwa ba ruwanta da dattawa. Wadda ta yi naƙuda ita ake rubutawa. Ugari ta ninke takardar, ta jefa a gwangwanin biskit, ta ɗora a saman kabad. Meleta ta tashi tana kiran Ugari da Ama, wato uwa. Ƙanwar uwa ma Ama ce a bakinmu, sai dai ana haɗawa da sunanta, don haka Dalassa ta zama Ama Dalassa. Ama tsura guda ɗaya ce.

Filin wasan tsibirin yana bayan coci: daɓen siminti da ya tsattsage, da kwando ɗaya wanda gishirin teku ya cinye masa raga. Tun tana shekara shida Meleta ke can ba takalmi, tana ture-ture da maza. Iskar kudu maso gabas kuwa tana kaɗawa wata bakwai ba hutu. Duk ƙwallon da aka jefa saitin kwando sai ta kwashe shi ta yi hagu da shi. 'Yan'uwanta maza na dangi suka sa ta gaba da tsiya. In ta jefa ta kuskure sai su ce, "Sannu, Meleta, kin aika wa mutanen Papua na tsallaken teku ƙwallo, sai ki jira su rama da doya." Ita kuma ta ce gara ita tana jefawa, su ai kwandon ma tsoronsa suke ji. A hankali ta gane dabarar da kanta: sai ta auna tafin hannu guda dama da zoben, ta bar wa iska sauran aikin.

Ugari ba ta san dokar wasan ba, har yau ma ba ta gama saninta ba, amma ta lura mazan suna doke wa 'yarta ƙwallo don sun fi ta tsawo. Sai ta riƙa zuwa da yamma da doguwar tsintsiyar share yanar coci, ta tsaya a gabanta, ta ɗaga sama. "Tsallake ni," take cewa. "In kin taɓa tsintsiyar nan ke za ki wanke tukwane." Meleta ta wanke tukwane har hannunta ya yi fari. Jifan nan mai tashi sama kamar zai taɓa rufi sannan ya faɗo cikin kwando, wanda masu sharhi a talabijin ke yabawa yanzu suna tambayar wane koci ya koya mata, tsintsiyar coci ce ta koya mata.

Makarantar tsibiri a aji shida ta tsaya, saboda haka da ta shekara goma sha biyu aka sa ta a jirgi zuwa Cairns kamar sauran yara. Ranar farko da ta shiga rufaffen ɗakin wasa ta jefa goma, duk goman suka wuce dama da zobe, tafin hannu guda cif. 'Yan matan birni suka fashe da dariya. Kocinsu, wata doguwar Baturiya mai suna Malama Delaney, ta tambaye ta ko idonta na ciwo. Meleta ta waiga hagu da dama ta ce, "Malama, ina iskar?" Malamar ta gano bakin zaren. Ta aika aka turo babbar fankar da ake busar da daɓe, aka kunna ta daga gefe. Meleta ta jefa goma, takwas suka shiga. Dariya ta ɗauke. Wata uku Malama Delaney tana rage ƙarfin fankar kaɗan-kaɗan har aka kashe ta. Wannan mata ta yi aikinta, ba a kanta ake ƙorafi ba.

Karatu bai zo wa Meleta da sauƙi ba. Turanci yarenta na uku ne, malamai kuma suna ɗaukar shirunta a matsayin rashin ganewa, alhali kunya ce irin ta gida, inda yaro ba ya zuba wa babba ido. Lissafi dai ba mai ja da ita. Abincin makaranta kuwa, cewa take kamar an dafa kwali. Duk wanda zai sauko daga tsibiri sai Ugari ta ɗora masa kula cike da soyayyen kifi da rogo da dankali a madarar kwakwa, ta rubuta SAGIGI a murfin da manyan baƙaƙe don kada a yi mata ɗauki ɗai-ɗai a hanya.

Tana shekara goma sha huɗu aka zaɓe ta cikin 'yan wasan jiha, aka ce kowa ya kawo takardar haihuwa. Maimakon ofishin makaranta ya buga waya gida ya tambaya, sai ya rubuta wa ofishin rajista da kansa, aka aiko masa. Ranar gasa wata mata tana zaune a tebur tana kiran sunaye. Ta kira Meleta Baira sau uku. Meleta tana ɗaure takalmi, tana mamakin wace 'yar danginsu ce ta zo ba ta sani ba. Sai Malama Delaney ta taɓa kafaɗarta ta ce da ita ake. Aka tura mata takarda ta sa hannu. A layin uwa ta ga an rubuta Dalassa Baira. Aka miƙo mata riga, a bayanta an buga BAIRA.

Ba ta yi kuka ba. Ta tuna yadda Ama Dalassa ke daɗewa in tana yi mata kitso, ta tuna gwangwanin biskit da aka hana ta taɓawa, komai ya zauna mata daram. Ta je wurin akwatin magani, ta ɗauko farar filastar da ake ɗaure yatsu, ta liƙa layi uku a bayan rigar, ta rubuta SAGIGI da baƙin alƙalami. Alƙalin wasa ya ce shi lamba yake bi, ba ruwansa. Ran nan ta ci maki ashirin da biyu.

Da aka dawo, sai ta tarar makaranta ta sauya sunanta a rajista don ya dace da takarda. Ta je ofis ta yi bayani a hankali, abin da bai kamata a tilasta wa yarinya ta faɗa da bakinta ba. Aka ce mata su takarda suke bi.

Hutun Kirsimeti ta koma gida. Labari ya riga ta sauka. Suna zaune a bayan gida ita da Ugari suna kankare kwakwa, Ugari ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "An ce sun nuna miki wata takarda a can."

"Sun nuna mini, Ama."

"Me aka rubuta a ciki?"

"Kuskuren rubutu ne, Ama. Kin san Turawa da sunayenmu."

Ugari ta ajiye ɓawon kwakwa ta ɗauki wata. Sannan ta ce, "To, ki kankare da kyau, kina bar wa kaji rabin kwakwar." Iyakar maganar da suka taɓa yi a kai ke nan. Da yamma Meleta ta je ta gaida Ama Dalassa kamar kullum, ta zauna aka yi mata kitso, ba wanda ya ƙara ko ya rage.

Daga nan har ta gama, kowace rigar da makaranta ta buga mata, da BAIRA take zuwa, kowace kuma da filasta take shiga fili. Wanki ya ɓare, ta sake liƙawa. Tana shekara goma sha shida aka ba ta kyaftin. Ta ciyo musu kofin makarantun yanki sau biyu a jere, abin da ba su taɓa gani ba. Suka buga hotonta a takardun tallan makaranta, ta baya ma, tana tashi sama, filastar tana nan ɓaro-ɓaro. Ƙananan yaran tsibirai da suka zo bayanta ita ce uwarsu a ɗakin kwana: ita ke raba kifin kula, ita ke shiga ofis in an yi musu ba daidai ba. Ta ci jarrabawar fita da kyau. Wata ƙungiyar ƙwararru daga kudu ta ɗauke ta, mai kula da kayansu ya yi mata tambaya ɗaya tak, wane suna take so a riga, ta faɗa, ya buga. Abin bai ɗauki minti guda ba.

Daga baya gwamnatin jiha da kanta ta yi doka ta amince da al'adar nan tamu. Meleta ta nema, Ugari da Dalassa suka sa hannu, aka ba ta sabuwar takardar haihuwa: uwa Ugari, uba Getano. Ta aika wa makarantar kwafi tun bara. Ashe ko su masu bin takarda, takardar da suka ga dama suke bi.

Ranar buɗe allon akwai yaran tsibirai kusan arba'in a zauren. Cikinsu akwai jikokin Dalassa, akwai kuma waɗanda su ma bayar da su aka yi ba su sani ba. Da ƙyalle ya faɗi, tafin ɓangarensu ya mutu a hannu. Yara suka fara kallon juna, suna kallon Ugari. Ita kuwa ta miƙe, ta taka har gaban allon, ta sa tabarau, ta karanta a tsanake. Ta juya ga shugaban makarantar, wanda a haife ta haife shi, ta ce, "Ɗana, an yi kuskuren rubutu. A gyara." Ya yi murmushi ya ce za a duba, amma haka sunan yake a rajistar shekarar.

Meleta ba ta yi jayayya da shi ba. Ta buɗe jakarta, don ɗan wasa ba ya rabuwa da filasta, ta liƙa layi uku a kan ruwan zinariyar, ta rubuta SAGIGI, ta riƙe hannun uwarta aka ɗauke su hoto. A nan ne aka yi tafin gaskiya. Ranar Litinin makaranta ta sa aka ɓare filastar. Bayan mako biyu suka aiko da wasiƙa, wai don a sasanta za su rubuta sunayen biyu a jere.

Sunaye biyu a jere! Wato a kafa asirin gida a bango, kowane yaro ya wuce yana tambayar dalili. Wanda ya kawo wannan shawara bai fahimci komai ba, ko kuma bai so ya fahimta ba. Getano ya rasu shekara uku da suka wuce, ba shi da wani ɗa sai ita. Sunansa a bayan Meleta kaɗai ya rage yana yawo a duniya. Dalassa kuma ta yi kyauta ta cika alkawari shekara ashirin da shida, ba ta taɓa cewa a dawo mata da ko harafi ɗaya ba, sai ga makaranta tana mayar mata da abin da ta bayar a bainar jama'a.

Meleta ba ta cikin damuwa, ta san ko ita wace ce tun tana shekara goma sha huɗu. Ugari ce ta daina zuwa kallon wasan yara a bayan coci, wai ƙafarta na ciwo, alhali kowa ya san lafiyar ƙafarta ƙalau.

Saboda haka, shugaban makaranta da hukumar gudanarwarta, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku sauke allon nan. Ku goge Baira, ku rubuta Meleta Sagigi, suna ɗaya, da ruwan zinariyar da kuka rubuta na sauran. Ku gyara rajistarku. Daga yau duk yaron tsibiri da takardarsa ta saɓa da sunan da ya zo da shi, ku kira gidansu kafin ku kira shi a gaban mutane. Sannan shugaban ya hau jirgi biyu da kwale-kwale, kamar yadda Ugari ta hau, ya same ta a bayan gidanta ya gaya mata da bakinsa cewa an gyara kuskuren rubutun. Ku yi kafin a dawo daga hutu, kafin yaran nan arba'in su sake wucewa ta gaban allon.