Salansar da Na Ɗaura wa Kawuna

Ina cikin shekarata ta huɗu da buɗe gareji a bakin gudron, wato titin kwalta, a Dogon Dutsi, kawuna ya kawo mini babur ɗinsa. Ranar kasuwa ce, tsakiyar bazara. Tun daga nesa na ji shi, don tsohuwar salansarsa ta ɓule, babur ɗin na ɓaɓatu kamar injin niƙa. Sabuwar kuwa ya naɗo ta cikin buhu, ya ɗaure a baya da igiyar rama.

Wannan kawu shi ya riƙe ni. Mahaifiyata ta rasu ina ɗan shekara shida, ya zo ya ɗauke ni zuwa gidansa a Matankari, matarsa, wadda nake kira Inna, ta haɗa ni da 'ya'yanta a ƙwarya ɗaya. Shi ya kai ni koyon kanikanci. Amma gidansa gidan bori ne tun kakanni, akwai ɗakin doguwa a bayan rumbuna. Ni kuma a lokacin na shiga sahun samarin gari masu zuwa karatu bayan la'asar, na ɗage wando, na bar gemu. A wurin karatun ba wanda ya taɓa ce mini in wulaƙanta wanda ya raine ni. Wannan ni na ƙara da kaina. Kunyar a gan ni da shi nake ji, ba wani abu ba.

Abokaina biyu na zaune a benci suna shan shayi, ɗaya mai sayar da wayoyi, ɗaya mai shagon atamfa. Kawu ya yi sallama, ya miƙa musu hannu, sannan ya kwance buhun a hankali.

Ya ce, "Ɗana, ga ta nan, sabuwa fil. Wani ɗan unguwarmu ya sawo mani daga ƙetaren iyaka. Jiya na wuni ina gwada ta, ta ƙiya. Ban san mi ya hana ta zama ba."

Kallo ɗaya na yi mata na gane. Ta wani samfurin babur ce. Wuyanta da ke shiga bakin inji daidai yake, amma kunnen da ake ɗaure ta da shi a baya ya gota ramin jikin babur da kamar yatsa biyu. Maganin ba wuya: a yanko ɗan fallen ƙarfe, a huda shi gida biyu, a haɗa kunnen da ramin, a soma ɗaurewa daga bakin inji. Aikin rabin awa ne, na sha yi wa 'yan kabu-kabu.

Na ce masa ya jira, akwai mutane gabansa.

Babu kowa gabansa. 'Yan kabu-kabu uku suka zo bayansa, na sallame su ɗaya bayan ɗaya. Bencin zai ɗauki mutum huɗu, amma ban ce ya zauna ba, abokaina ma ba su matsa ba. Ya tsuguna gefen tarin tsofaffin tayoyi, inda inuwar rumfa ba ta kai, ya cire hularsa yana fifita.

Sai da muka dawo daga azahar na jawo babur ɗin. A ƙarƙashin kansa na ga wata 'yar laya ta fata, da wuri biyu, an ɗaure da jan zare. Na sa filaya na tsinke ta, na jefa ta cikin kaskon baƙin mai.

Na ce, "Kawu, ai da ba ka sha rana ba. Doguwar gida ta fi ni iya aiki, ka ce ta lanƙwasa maka."

Mai wayoyi ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Kawu ya taso, ya tsoma yatsu cikin man ya ciro layar, ya goge ta da bakin rigarsa, ya sa aljihu. Haƙurin nan nasa ya ƙara tunzura ni, don da ya zage ni da na samu abin kamawa.

Na ce ya durƙusa ya riƙe mini salansar. Da gangan na soma ɗaure ta daga baya, yadda na san wuyan ba zai taɓa haɗuwa da bakin inji ba. Ina cewa ɗaga, yana ɗagawa. Ina cewa sauke, yana saukewa. Gumi na ɗiga daga gemunsa kan yashi.

"Ba haka ba! Ko riƙon ƙarfe sai an koya maku? Kullum haka kuke, ku sayo abin da ba ku sani ba, ku zo ku ɗora wa mutane."

Mai atamfa ya ce, "Haba, tsoho ne hwa." Na yi kamar ban ji ba. Ya ajiye kofinsa ya koma shago.

Da na gaji da wasan, sai na ga in na yi gyaran na gaskiya yanzu, kowa zai gane tun safe ina iyawa. Na ɗauki salansar zuwa wurin mai walda da ke maƙwabtaka da ni, muka gasa cikinta har ya yi ja, na sa doguwar sandar ƙarfe na banƙare ta sai da kunnen ya kai ramin. Ta zauna, amma ta bullo waje. Marfin da ke rufe ta don kare zafi ya soma gogar abin kunna babur, na kwance shi na wurga cikin tarin ƙarafa. Yanzu tsirara take, daidai ƙarƙashin matakin mai zama baya.

Kawu ya zagaya babur ɗin, ya sunkuya ya duba.

"Ɗana, ba ta yi kusa da ƙahwar na baya ba?"

Na ce, "In ka fi ni sani, kwance ka ɗaura da kanka."

Ya ce a'a, ya gode, Allah Shi yi albarka. Ya ajiye mini ƙullin waken da Inna ta aiko, ya hau ya tafi.

Kwana tara bayan haka, babbar 'yarsa ta kira ni a waya. Kawu ya ɗauko Inna za su suna a Ɗan Kassari, babur ya shiga rairayi ya kwanta ta dama. Ƙafar Inna ta maƙale a ƙarƙashin salansar. Shi kuma ƙarfinsa ya kasa ɗaga babur ɗin da sauri, sai da wani mai amalanken jaki ya iso. Zanen da ta ɗaura mai roba ne, ya narke ya shige cikin naman sha-raɓarta. Sun yi maganin gida kwana biyu, ciwon ya soma wari, yanzu suna asibiti a Dogon Dutsi.

Daga garejina zuwa asibitin ba nisa, da ƙafa ma ana zuwa. Sai da na kwana biyu na je.

Na tarar da Inna kwance, ƙafar a ɗage kan matashi, 'yar tana kore mata ƙuda. Ta rame. Tana ganina ta tambaye ni ko na ci abinci. Sannan ta juya ta nuna Kawu, wanda ke zaune a ƙasa jingine da bango.

"Ka ga abin da kawunka ya yi mani? Yana da ɗa bakanike cikin gari, amma taurin kai ya sa ya ɗaura abin nan da kainai. Shi ya hwaɗi da bakinai. Da ya kawo maka, da ban kwanta nan ba."

Na dubi Kawu. Kansa na ƙasa, yana murza bakin tabarma. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah Ya ƙara sauƙi, Inna."

Ya rako ni har ƙofa. Na ce masa ya bari in je Matankari in ɗauko babur ɗin in gyara shi yadda ya kamata.

Ya ce, "An gyara. Mai gareji, koma bakin aikinka."

Daga ranar bai sake ce mini ɗana ba. In na je gida yana amsa gaisuwata, yana sa a shimfiɗa mini tabarmar baƙi, yana tambayata kasuwa. Haka muka zauna shekara biyar, har ya rasu.

Ciwon Inna ya warke, amma jijiyar ta ɗaure, diddigenta ba ya taɓa ƙasa. Ta daina zuwa gona, ta daina zuwa rijiya. Tana nan da ranta. Duk lokacin da na je, tana sa jikoki su kama mini kaza, kuma in hira ta yi daɗi sai ta janye zane ta nuna musu tabon, ta ba su labarin taurin kan kakansu. Suna dariya, tana cewa Allah Ya jiƙansa, ni ma ina cewa amin.