Namijin Barewar da Hamisu Ya Hana a Harba

Ina ban ruwan shukokina a Unguwar Dosa da hantsin Talata sai waya ta yi ƙara. Nasiru ne, ɗan ƙanena, daga Kawo. "Gwaggo, Baba ya cika." Na ajiye butar, na yi salati, na ja motata da kaina zuwa gidan.

Hamisu ƙanena ne, ciki ɗaya. Ni na bi karatu har na yi ritaya ina shugabar makaranta. Shi ya yi aikin gandun daji, daga baya maharba suka ɗora shi a kan shugabancinsu. Ba na son farauta, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Duk da haka, ban san wanda ya kai shi tsare garken barewa ba. Ya hana harbin mace da damina. Ya hana taɓa namiji mai cikakken ƙaho matuƙar yana barbara. Yakan ce, "Wanda ya cinye uban garke bana, baɗi sai ya farauci ɓera." Ya taɓa karɓe bindigar amininsa a bainar jama'a saboda wannan doka, gaisuwa ta yanke tsakaninsu, bai janye ba.

Akwai wani ƙasaitaccen namiji da ya daɗe yana karewa. Ranar sadakar uku maharba suka shigo wurin zaman makoki, Nasiru na gaba. Al'adarsu ce idan babba ya rasu, a fita daji a kawo nama mafi daraja don sadakar bakwai.

"Gwaggo, wancan namijin za mu kawo. Shi ya dace da Baba."

Na ce, "Wanda ya hana ku taɓawa?"

Wani dattijo ya ce, "Mai hanin ya tafi, Hajiya."

"Yayarsa tana nan. Ragon sadaka yana wuyana. Amma naman nan ba zai hau murhun gidan nan ina zaune ba."

Suka fita babu sallama. Yau kwana biyar da rasuwar. Jibi ne bakwai, kuma bindigar Hamisu tana ɗakin Nasiru. Ban san abin da za su shigo da shi ba. Na dai san a bakin ƙofa za su same ni.

Allah Ya gafarta wa Hamisu, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa da 'ya'yansa juriyar wannan rashi. Nasiru kuwa, ya Ubangiji, Ka riƙe masa hannunsa. Amin.