Fuskar da Yake Auna Haske da Ita

Shaho suke ce masa a filin jirgi, ko da yake daga baya kansa ya yi fari kamar na balbela. Aikinsa shi ne ya faɗo daga jirgin sama tare da masu dirowa da lema, kyamara ɗaure a kan hular kwanonsa, ya ɗauki hotonsu kafin lema ta buɗe. Daƙiƙa hamsin ce kawai, wani lokaci ma ba ta cika. Hannuwansa biyu na can suna tuƙa jikinsa a iska, don haka maɓallin ɗauka a bakinsa yake, a ƙarshen wata 'yar waya. In ya ciza, kyamara ta ƙifta.

A sama ba a gyara komai. Tun a ƙasa yake saita saurin ƙiftawa, ya kai shi can ƙurya, domin mai faɗowa ya fi kowace mota gudu, kumatunsa na kaɗawa kamar shanya. Sai kuma idon kyamara, yadda za a buɗe shi ko a tsuke. Yakan ce kyamara wawiya ce: in ka bar ta da ra'ayinta, sai ta ga hasken sararin sama ta runtse ido, mutum ya fito baƙi ƙirin kamar ƙonannen icce. Shi ya sa a fuskar mutum yake auna haske, ya murɗa, sannan ya manne wurin da baƙin salatif don kada iska ta taɓa.

Fuskar kuwa ta matarsa ce. Ita ke naɗe lemomi a kan dogon tebur cikin rumfar jirage, igiya bayan igiya, ba ta son a yi mata magana in tana ƙirga su. Kowace safiya sai ya leƙa.

"Uwar ɗakina, fito ki ara mini fuskarki."

"Ta jiya da ka ara, ka mayar?"

Sai ta fito bakin ƙofa tana goge hannu, ta ɗaga haɓa wajen rana. Shekara talatin da ɗaya yana leƙen ta ta cikin gilashin nan, bai taɓa cizawa ba. Fim ɗin hoto talatin da shida yake ɗauka, kuma na masu dirowa ne. Ita ai tana nan.

Yana da doka ɗaya da yake nanata wa kowa. Ranar da gajimare ya rufe filin, duk abin da fuska ta faɗa maka a ƙasa, tsuke idon kyamara taki biyu. A can sama rana tsirara take, gajimaren kuma yana ƙarƙashinka kamar farin zanen gado, yana watso haske ta ƙasa.

Shekarar da ciwo ya kama ta, ta fara naɗe lema a zaune, daga baya ta koma kallon masu naɗewa. Da likita ya faɗi abin da ya faɗa, ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da suka dawo gida ta ce:

"Zan faɗo."

"Daga ina?"

"Daga inda kake faɗowa mana, tsoho. Na ƙare ƙuruciyata ina naɗe wa mutane hanyar dawowa, ban taɓa ganin inda suke zuwa ba. Kuma ka ɗauke ni. Jikokinmu ba su da hotona sai na katin shaida, wanda na fito kamar an kama ni da kazar mutane."

Abokin aikinsa da suke kira Mai-goyo, wanda ke ɗaure sababbi a ƙirjinsa ya diro da su, ya ce shi zai kai ta. Sau ɗaya jikinta zai iya, kowa ya san haka.

Safiyar ta zo da gajimare mai ɓaraka nan da can. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin kayan dirowa da suka yi mata yawa, ta ɗaga haɓa. Shaho ya leƙa. Kumatun sun faɗa, ƙarƙashin idanun ya yi rami, inuwa ta kwanta a ciki. Ya daɗe yana kallo. Maimakon ya tsuke taki biyu, sai ya buɗe taki ɗaya, don haske ya cike ramukan nan. Yatsunsa sun yi gardama, ya danne su, ya manna salatif.

Da aka buɗe ƙofar jirgi, rana ta mare shi a fuska, a take ya san abin da ya yi. Amma hular tana ɗaure a kansa, Mai-goyo ya riga ya fara ƙirga uku.

Suka faɗo. Ya tuƙo jikinsa har ya zo daf da ita. Iska ta cika mata kumatu, ta share ramukan tas, tana ihu tana dariya tana miƙo masa hannu. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da ya fara ganin ta. Ya yi ta cizo har muƙamuƙinsa ya ƙage.

Bayan kwana uku ya karɓo hotunan daga wurin mai wankin hoto. Fari fat. Babu jirgi, babu gajimare, babu Mai-goyo, haske ya cinye su. A guda ɗaya ne kawai ake ganin ta dishi-dishi, kamar zanen yatsa a gilashin da ya yi raɓa: idanu biyu, da baki a buɗe.

Ya kai mata a gado, ya zauna a ƙasa.

"Laifina ne. Mu sake."

"Da wane jikin?" Ta kai hoton kusa da hancinta, ta nisanta shi. "Kai da kake cika mana kunne da taki biyu, taki biyu."

"Na ga kin rame ne."

Ta shafa gefen takardar da babban yatsa.

"To, ai babu ramar a ciki," ta ce. "Ka rubuta musu a baya cewa ni ce, kada su ɗauka takarda ce ta lalace."

Ba ta ƙara wata biyu a duniya ba.

Ya koma filin sau ɗaya. Ya ɗaga kyamara wajen ƙofar rumfa, ya tsaya haka. Mai-goyo ya taho ya tsaya a wurin, ya ɗaga haɓa.

"Yaya, ga tawa. Ba kyau, amma tana ɗaukar haske."

Shaho ya leƙa, ya ce ya gode, ya kwance kyamarar daga hular.

Hoton yana ɗakinsa, a bangon da taga ba ta kallo, domin rana na iya cinye ɗan abin da ya rage. In jikokin suka zo suka ce ba su ga komai ba, sai ya kashe fitila ɗaya, ya ce su matso.